Daga Tafin Hannu Zuwa Hoto: Tarihin Auna Aikin Magani a Kan Sankarar Hanta



Akwai wata tambaya da kowane mai jinya yakan yi wa likita, ko a wace ƙasa yake, ko da wane harshe yake magana. Tambayar kuwa ita ce: "Likita, maganin nan yana yi masa aiki kuwa?" In zazzaɓi ne, amsar ba ta da wuya, sai a taɓa goshin marar lafiya a ji ko ya yi sanyi. In gyambo ne, sai a kwance ɗauri a duba. Amma in cutar tana can ƙarƙashin haƙarƙari, a cikin hanta, inda ido ba ya kaiwa, to, amsa wannan ƴar gajeruwar tambaya ta ci wa masana fiye da shekara ɗari. Tarihin wannan amsa shi ne abin da za mu bi a laccar yau.

Abin da nake son in nuna muku shi ne, samun na'urar da ke leƙa cikin jikin mutum rabin aiki ne kawai. Sauran rabin, wanda ya fi wuya, shi ne sanin abin da ya kamata a auna a cikin hoton da na'urar ta fitar. Za ku ga an sake ma'auni ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma galibi sabon magani ne yake tona asirin tsohon ma'auni.

Cutar da Kanta

Hanta tana zaune a gefen dama na ciki, haƙarƙari ya lulluɓe ta, nauyinta kuwa a jikin baligi yakan kai kilo ɗaya da rabi. Sankarar da ake samu a cikinta iri biyu ce. Akwai wadda ta taso daga wani wuri, kamar hanji ko nono, ta yi ƙaura ta sauka a hanta. Akwai kuma wadda ta tsiro daga ƙwayoyin hantar kanta. Maganarmu ta yau a kan ta biyun take. Bisa ga lissafin hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa, a shekarar 2022 mutum kimanin 866,000 ne suka kamu da sankarar hanta, kimanin 758,000 kuma suka mutu ta dalilinta, watau ita ce ta uku wajen kisa a cikin dukan nau'o'in sankara.

Manyan sabubbanta biyu an gano su ne a tsakanin 1960 da 1981. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. Bincike ya nuna wani dafi ne da funfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, aka sa masa suna afalatoksin. A 1965 kuma Baruch Blumberg na Amurka ya ba da labarin wata alama a cikin jini, wadda daga baya aka gane ta ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce. Sa'an nan a 1981 Palmer Beasley ya buga sakamakon bin diddigin maza 22,707 a tsibirin Taiwan, galibinsu ma'aikatan gwamnati kamar wasunku, ya nuna haɗarin kamuwa da sankarar hanta ga mai ɗauke da wannan ƙwaya ya ninka na wanda ba ya ɗauke da ita ninkin-ba-ninkin. Ban da waɗannan akwai ciwon hanta nau'in C, da barasa, da kitsen da ke taruwa a hanta.

Abu guda nake son ku riƙe daga nan: galibi wannan sankara takan tsiro ne a kan hantar da ta riga ta ƙandare, ta cika da tabo. Ashe ke nan marar lafiya cuta biyu yake ɗauke da su a wuri guda. Za mu komo kan wannan batu.

Zamanin Hannu da Tef

Ran 8 ga Nuwamba, 1895, Wilhelm Rontgen ya gano a Jamus hasken nan mai ratsa tsoka wanda muke ɗaukar hoton ƙashi da hoton ƙirji da shi. Ga karaya da ciwon huhu wannan babban buɗi ne, amma ga hanta bai tsinana kome ba, domin hanta da ƙarin da ke cikinta duk tsoka ce, a hoto sai su fito inuwa guda, ba a rarrabe wannan da wancan.

Sai aka shiga neman abin da za a zuba cikin jini ya rina hanta don ta fito. Daga wajejen 1930 aka yi ta amfani da wani ruwa mai suna Thorotrast, wanda ke fitar da hoto tangaram. Abin baƙin ciki, ruwan yana ɗauke da sinadarin toriyam, wanda yakan maƙale a hanta da saifa har iyakar rayuwar mutum, yana ta fitar da wani haske marar ganuwa mai ƙona tsoka. Bayan shekara ashirin ko talatin sai ga waɗanda aka yi wa allurarsa suna kamuwa da sankara a hantar da aka so a gani. An daina amfani da shi cikin shekarun 1950. Bayansa aka koma ga wasu sinadarai masu ɗan gajeren rai, waɗanda lafiyayyar hanta ke zuƙewa ta haskaka, ƙari kuwa ya fito kamar rami a tsakiyarta. Wannan ci gaba ne, sai dai hoton dishi-dishi ne, ƙarin da bai kai santimita 2 ba yakan ɓuya ƙurmus, ba a kuma iya auna gefensa daidai.

Wata hanyar ta zo daga Tarayyar Sobiyet. A 1963 Garri Abelev ya gano wani sinadari a jinin ɓerayen da ke da sankarar hanta, irin wanda ake samu a jinin ɗan tayi, a 1964 kuma Yuri Tatarinov ya same shi a jinin mutum. Shi ne gwajin da ake rubuta wa AFP a takardar asibiti har yau. Yana da amfani, amma akwai masu cutar da yawa waɗanda jininsu ba ya nuna shi ko kaɗan.

Saboda haka har cikin shekarun 1970 babban ma'aunin likita tafin hannunsa ne. Marar lafiya ya kwanta, likita ya laluba ya ji inda bakin hanta ya tsaya a ƙasan haƙarƙari, ya sa tef ya auna, ya rubuta. Bayan an ba da magani a sake aunawa. In hanta ta ja baya, an ce magani ya ci.

A cikin wannan zamani ne, a 1975, Charles Olweny da abokan aikinsa na Cibiyar Sankara ta Yuganda da ke Kamfala suka ba da labarin sun gwada allurar doksorubisin, kuma cikin mutum 14 da aka yi wa allurar, 11 da aka iya aunawa duk sun nuna sauƙi. Duniya ta yi murna, maganin ya bazu ko'ina. Amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su sami ko kusa da wannan adadi ba. A 1988 likitocin Hong Kong suka raba marasa lafiya kashi biyu, aka ba wasu maganin, aka bar wasu. Rabin waɗanda aka ba sun kai mako 10.6 a raye, rabin waɗanda ba a ba ba sun kai mako 7.5, sa'an nan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka ba illar maganin ce ta yi ajalinsu. Dalilan wannan saɓani suna da dama: ƙarancin mutanen gwajin farko, da bambancin marasa lafiya, da kuma rashin ma'auni guda wanda kowa ya yarda da shi.

Gwajin Katifa

Wanda ya fito da matsalar ma'auni fili shi ne Charles Moertel na asibitin Mayo a Amurka, tare da wani masanin lissafi, James Hanley. A 1976 suka ɗauki ƙwallaye 12 masu girma dabam-dabam, suka jera a kan katifa, suka lulluɓe su da soso don ya zama kamar fata da tsoka. Sa'an nan suka gayyato ƙwararrun likitocin sankara 16, suka ce kowa ya auna kamar yadda yake auna ƙari a jikin marar lafiya. Abin da likitocin ba su sani ba shi ne, a cikin ƙwallayen akwai tagwaye kashi biyu masu girma ɗaya sak.

Da aka kwatanta awon tagwayen sai abin mamaki ya fito. In an ɗauka cewa raguwar kashi 25 cikin 100 ita ce alamar magani ya ci, to, likita guda yakan ce ƙari ya ragu sau 19 cikin 100, alhali kuwa ƙwallon bai canja ba. In likitoci biyu ne dabam suka auna, kuskuren yakan kai sau 25 cikin 100. Amma in an ce sai raguwa ta kai rabi, kuskuren yakan sauko zuwa kimanin sau 7 ko 8 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce, magani marar amfani ko kaɗan yana iya samun shaidar cewa ya taimaki mutum ɗaya cikin biyar, don kuskuren hannu kawai.

Wannan darasi ya shiga cikin ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1979, aka buga ta a mujallar likitoci a 1981. Ƙa'idar ta ce a auna tsawon ƙari da faɗinsa, a ninka ɗaya da ɗaya. In ƙari ya ɓace ƙaf, wannan mataki na farko. In ya ragu da rabi ko fiye, magani ya ci wani ɓangare. In ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, ko wani sabo ya ɓullo, cuta ta ci gaba. Abin da ke tsakani kuwa, a ce yana nan yadda yake. Ku lura, ɗalibai: wannan "rabi" da duniya ta yi shekaru tana hukunci da shi, ba daga halittar sankara ya fito ba, daga iyakar gwanintar yatsun ɗan Adam ya fito.

Ido Ya Shiga Ciki

Ana cikin haka na'urori suna ta zuwa. A 1958 Ian Donald na birnin Gilasgo ya nuna ana iya aika sauti cikin ciki, a tara amsa-kuwwarsa a mai da ita hoto. Wannan shi ne asalin sikanin da matanmu masu juna biyu suka saba da shi, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya kai ga nuna hanta tana motsi da numfashi. Ran 1 ga Oktoba, 1971, a wani asibiti a Landan, aka ɗauki hoton kan wata mata da na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera, wadda ke zagaya jiki da hasken Rontgen, kwamfuta ta haɗa bayanin ta fitar da hoto yanka-yanka, kamar an yanka burodi ana duba kowane yanki. Ita ce ake kira siti-sikan. Kafin shekara biyar an ƙera wadda ke ɗaukar jiki duka, a 1979 kuma Hounsfield da Allan Cormack suka sami kyautar Nobel. Sai ta uku, hoton maganaɗisu, wanda ake rubuta wa MRI: Paul Lauterbur ya buga tushensa a 1973, a 1980 kuma aka ɗauki hoton jikin wani marar lafiya da shi a birnin Abadin na Sikotland.

Yanzu ga ƙari a fili, ana iya ɗora ma'auni a kansa har zuwa milimita. A shekarar 2000 cibiyoyin binciken sankara na Turai da Amurka da Kanada suka haɗu suka sauƙaƙa ƙa'idar, suka kira ta RECIST. Maimakon tsawo da faɗi, a auna mafi tsawon gefe kawai. In ya ragu da kashi 30 cikin 100 magani ya ci, in ya ƙaru da kashi 20 cuta ta ci gaba. Masu son lissafi su gwada: in tsawon da'ira ya koma 0.7 na yadda yake, to, filinta ya koma 0.49, watau rabi. Kun ga ke nan tsohon rabin nan na gwajin katifa ne ya sake riga. An gyara ƙa'idar a 2009, aka taƙaita ƙarin da za a auna zuwa biyar a jiki duka, biyu a gaɓa guda.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne. Amma duk waɗannan ƙa'idoji a kan zato guda aka gina su: cewa magani in ya ci, ƙari zai ragu. Hanta ce ta rushe wannan zato.

Asirin Jini

Hanta ta bambanta da sauran gaɓoɓi domin ta hanya biyu take samun jini. Kimanin kashi uku cikin huɗu yana zuwa ta wata babbar jijiya da ke kwaso jini daga hanji, sauran kashi ɗayan kuwa ta jijiyar da ke kawo jini kai tsaye daga zuciya. A 1954 masana biyu a Amurka, Breedis da Young, suka nuna cewa ƙarin da ke cikin hanta kusan kacokan da jijiyar zuciya ya dogara. Daga wannan ilmi aka sami abu biyu, hanyar gani da hanyar kisa.

Hanyar gani ta samu ne da aka ƙera siti-sikan mai sauri a 1989, wadda ke iya ɗaukar hanta duka kafin mutum ya saki numfashin da ya riƙe. Ana yi wa marar lafiya allurar rini a hannu. Bayan kimanin sakan 35 rinin ya iso ta jijiyar zuciya, sai ƙari ya haskaka fari fat, hanta kuwa tana duhu. Bayan minti ɗaya ko fiye, rinin ya zagayo ta hanji, sai hanta ta haskaka, ƙari ya dushe. Wannan alama ta yi ƙarfin da a hantar da ta ƙandare ana iya tabbatar da cutar ba tare da an tsaga an ɗebi tsoka ba. Abin da ya fi muhimmanci ga maganarmu shi ne, tsoka mai rai ce kaɗai take shan rini. Matacciya ba ta sha.

Hanyar kisa kuwa ita ce a toshe wa ƙari jijiyarsa. Tun 1953 Sven Seldinger na Siwidin ya ƙago dabarar zura siririn bututu cikin jijiya ta hanyar allura. Likitocin Jafan suka bi ta nan suka kai bututu har bakin ƙari, suka zuba magani, suka toshe hanya. A 1983 Ryusaku Yamada ya buga sakamakon mutum 120, a 2002 kuma gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Barsalona ɗaya a Hong Kong, suka tabbatar wannan aiki yana ƙara kwana.

To, a nan matsala ta kunno kai. Manomi in yana son kashe itace a gonarsa, yakan sassaƙe ɓawonsa ya zagaye gindin. Bayan wani lokaci itacen ya mutu, amma yana nan tsaye, in ka sa igiya ka auna kaurinsa ba abin da ya ragu. Haka ƙarin da aka toshe wa jini yake: ya mutu, girmansa yana nan, wani lokaci ma ya ɗan kumbura. Mai auna tsawo sai ya rubuta cewa magani bai yi kome ba. Don haka a taron da ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta yi a Barsalona a 2000, wanda aka buga bayaninsa a 2001, aka ba da shawarar a riƙa auna ɓangaren da ke shan rini kawai.

Maganin da Ya Tona Asirin Ma'auni

Tun 1971 Judah Folkman na birnin Boston yake cewa ƙari ba ya iya girma sai ya janyo wa kansa sababbin jijiyoyi, kuma in an hana shi wannan, an daƙile shi. An ɗauki shekaru talatin da wani abu kafin a sami magungunan da ke bin wannan hanya. Ɗaya daga cikinsu ƙwaya ce ta sha mai suna sorafenib. An gwada ta a kan mutum 602 a ƙasashe 21, aka buga sakamakon a 2008. Rabin waɗanda suka sha maganin sun kai wata 10.7 a raye, rabin waɗanda suka sha ƙwayar da ba magani a cikinta sun kai wata 7.9. Wannan ne karo na farko da wani magani mai bin jiki duka ya nuna tabbataccen ƙarin kwana a wannan cuta.

Amma ku ji abin da ma'auni ya ce. Cikin mutum 299 da suka sha maganin, 7 kaɗai ƙarinsu ya ragu yadda RECIST ke bukata, watau kashi 2 cikin 100, kuma ba ko ɗaya da ƙarinsa ya ɓace. Da a ce da tsohon ma'auni kaɗai aka yi hukunci, da an jefar da maganin. Abin da hoto ya iya nunawa shi ne jinkiri: a wajen masu shan maganin an ɗauki wata 5.5 kafin cuta ta ci gaba, a wajen sauran wata 2.8.

Wannan ya sa a 2010 Riccardo Lencioni na Italiya da Josep Llovet na Sifen suka buga gyararriyar ƙa'ida ta musamman don hanta, mai suna mRECIST. Bari in ba da misali. A ce ƙari yana da tsawon santimita 10, dukansa yana shan rini. Bayan wata biyu ana magani, tsawonsa yana nan 10, amma tsakiyarsa ta yi baƙi, sai wani gefe mai tsawon santimita 4 kaɗai ke haskakawa. Tsohuwar ƙa'ida za ta ce ba canji. Sabuwar za ta ce an sami raguwar kashi 60 cikin 100. Ba misali kaɗai ba ne. A gwajin maganin lenbatinib da aka buga a 2018, masu duba hoto masu zaman kansu sun auna hotuna iri ɗaya da ƙa'idojin biyu: da tsohuwar, kashi 18.8 cikin 100 ne suka amsa magani. Da sabuwar, kashi 40.6.

Kada kuwa a ɗauka tsugune ta ƙare. Auna tsoka mai rai ya fi auna tsawo wuya, domin gefenta ba ya da tsari, masu dubawa biyu suna iya saɓawa. Sa'an nan maganin da ke rage jini yana iya sa ƙari ya dushe a hoto alhali da sauran ransa. Shi ya sa manyan gwaje-gwaje sukan ba da awo biyun tare.

Sabon juyi ya zo da magungunan da ke kwance wa garkuwar jiki dabaibayi don ta yaƙi sankara da kanta, binciken da ya jawo wa James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. A 2020 gwajin mutum 501 ya nuna haɗin atezolizumab da bebasizumab ya fi sorafenib. Da aka ci gaba da bin su, rabin masu sabon haɗin sun kai wata 19.2, rabin masu tsohon magani wata 13.4. Irin waɗannan magunguna sun zo da nasu ruɗin, wanda aka fara lura da shi a sankarar fata: sojojin jiki sukan yi dafifi cikin ƙari har ya kumbura a hoto, a zaci cuta ce ta ci gaba, alhali yaƙi ne ake yi a ciki. Abin ba ya yawan faruwa, amma ya isa a 2017 aka fitar da ƙa'idar cewa in marar lafiya yana jin ƙarfin jikinsa, a sake hoto bayan mako 4 zuwa 8 kafin a yanke hukunci. Bayan girma da rai, yanzu lokaci ma ya shiga cikin ma'auni.

Inda Muka Tsaya

Duk wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da ciwon hanta nau'in B ya fi yawa, ga kuma gyaɗa da masara a rumbunanmu. A 2017 aka buga wani bincike na mutum 2,566 masu sankarar hanta daga asibitocin Masar da na wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya da Gana da Kamaru da Sudan. A Masar matsakaicin shekarun marasa lafiya 58 ne, a sauran ƙasashen 46, watau magidanta ne masu ƙananan ƴaƴa. A Masar kashi 76 cikin 100 sun sami maganin da ke tunkarar sankarar, a sauran kashi 3 kacal. Rabin na Masar sun kai wata 10.9, rabin namu wata 2.5. Siti-sikan ta farko ta iso Nijeriya a 1987, a asibitin koyarwa na Ibadan, yau kuwa ana samunta a manyan birane da dama. Amma abin da ya fi kusa da talaka shi ne sikanin sauti, wanda in ba rini ba ya iya bambanta rayayyen ƙari da matacce.

Ga ma'aikatanmu masu tsara kasafi da sayen kaya, tarihin nan yana da darasi uku. Na farko, magani da hoto kaya ɗaya ne. Magungunan nan suna da tsada ƙwarai, iyali sukan sayar da gona ko gida don su saya. In ba a ɗauki hoto kafin ƙwayar farko ba, aka kuma sake ɗauka bayan wata biyu ko uku, to, ba mai iya gaya musu ko su ci gaba ko su tsaya. Na biyu, na'ura ita kaɗai ba ta isa ba. Sai da rini, da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikacin da ya san sakan nawa zai jira, da likitan da ya san ƙa'idar da zai auna da ita. Hoton da aka ɗauka a makare da rabin minti yana iya nuna rayayyen ƙari kamar matacce. Na uku, ajiya. Amsar tambayarmu ba ta cikin hoto guda, tana tsakanin hoto biyu ne. In na farko ya ɓace a ofishin ajiye fayil, na biyun ya zama asarar kuɗi.

Ba zan rufe ba sai na tuna mana cewa rigakafi ya fi magani. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar rigakafin nau'in B a 1984, kafin 1997 sankarar hanta a tsakanin yaranta ta ragu da kimanin rabi. Gambiya ta fara a 1986, Nijeriya ta sa allurar cikin rigakafin yara a 2004, kuma ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Wanda hantarsa ta riga ta ƙandare kuwa, sikanin wata shida-shida shi ke kama ƙari tun yana ƙarami, tun ana iya cire shi ko a ƙone shi.

Kammalawa

Jama'a, mun taso daga tafin hannu da tef, muka bi ta kan katifar Moertel, muka zo ga hoton da ke nuna inda jini ke gudana. A kowane zango an ɗauka an iso, sai wani magani ya zo ya nuna da sauran tafiya. Ku tuna kuma da abin da na ce ku riƙe tun farko, cewa marar lafiyan nan cuta biyu yake ɗauke da su. Ƙari yana iya mutuwa a hoto, hantar da ke ɗauke da shi kuwa ta gaza, idanu su yi shawara, ciki ya tara ruwa. Don haka likitan kirki yakan duba hoto, ya duba jini, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi mutumin da ke gabansa: yana cin abinci? yana iya tafiya kasuwa? Ga ɗalibanmu, ko likitanci kuke karantawa, ko lissafi, ko aikin mulki, duk sa'ad da aka miƙo muku adadi aka ce shi ne shaidar nasara, ku tambaya: me aka auna, wa ya auna, da wane mudu?